Na daina shan maganin hawan jini kuma ba na jin komai: amsar likita ga mai shekara 54

Tambaya: Likita, shekaruna 54. Na je asibiti saboda ciwon baya, aka auna jinina aka samu 162 bisa 98. Aka ce in dawo bayan mako biyu, na dawo aka samu 158 bisa 96, sai aka ɗora ni a kan amlodifin mai 10. An kuma gwada sugana da safe kafin in ci komai, ya nuna 134. Bayan wata guda jinin ya sauka zuwa 132 bisa 84, amma ƙafafuna suka fara kumbura da yamma. Wani abokina ya ce maganin ne ke taɓa ƙoda, kuma duk wanda ya fara shi ba ya rabuwa da shi. Yau wata biyu ke nan da na daina sha, kuma ba na jin komai. Ciwon bayan kuwa dayikulofenak nake sha masa kusan kullum. Shin da gaske ina da hawan jini da suga? Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, sannu, Allah ya ƙara lafiya. Ka kyauta da ka kawo lambobin yadda suke, don da su likita ke aiki. Hawan jini kam kana da shi, kusan babu tantama. Suga kuwa rabin bincike aka yi, saura rabi. Kumburin ƙafar sanannen hali ne na amlodifin, kuma galibi ba daga ƙoda yake ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarka shi ne dayikulofenak ɗin da kake sha kullum, zan zo kansa. Ina so ka koma wurin likitanka cikin makon nan, ka zuba kwalayen duk abin da kake sha a leda ka tafi da su, har waɗanda ka saya da kanka.

Bari in fara da yadda ake tabbatar da hawan jini, domin a nan ake yawan yin kuskure ta ɓangarori biyu: a laƙaba wa mai lafiya ciwo, ko a sallami mai ciwo a ce lafiyarsa ƙalau. Lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140 bisa 90 ko sama a matsayin hawan jini, muddin an samu haka a ranaku daban-daban. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80 tun 2017. Ko da wanne ma'auni aka bi, lambobinka sun wuce, kuma sau biyu aka auna da tazarar mako biyu. Likitanka ya yi daidai da bai ɗora ka a kan magani tun ranar farko ba.

Awon kansa yana da ƙa'ida. Mutum ya zauna minti biyar bai yi magana ba, bayansa a jingine, tafin ƙafarsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da tsayin zuciya. Kada ya kasance yana jin fitsari, kada ya sha taba ko kofi cikin rabin sa'a kafin awon. Ɗamarar da ake naɗawa a damtse ta dace da kaurin hannun, domin ƙaramar ɗamara a kan babban damtse tana ƙara lamba, kuma wannan kuskure ne da nake gani kusan kullum. A zuwan farko a auna hannu biyu, daga nan a riƙa amfani da wanda ya fi nuna sama. Idan kana da hali ka sayi na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ka auna sau biyu da safe kafin magani, sau biyu da dare, kwana bakwai a jere, ka rubuta, ka jefar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. A gida 135 bisa 85 ne iyaka. Akwai mutanen da jininsu ke hawa da zarar sun ga farar rigar likita, a gida kuma ya sauka. Akwai kuma waɗanda nasu ke kwanciya a asibiti ya hau a gida, su ne suka fi ba mu tsoro. Takardar awon gida ce ke raba gardamar.

Ka ce ba ka jin komai. Haka ciwon yake, kisan mummuƙe yake yi. Mafi yawan masu hawan jini ba sa ciwon kai, ba sa jiri, suna cin abincinsu suna zuwa aikinsu. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ke daidai da magani. Shekara da shekaru jini yana dukan bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima: tsokar zuciya ta yi kauri har ta gaji, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su toshe ko su fashe, matatar ƙoda ta riƙa zubar da furotin a fitsari, jijiyoyin bayan ido su lalace. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a 1945 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, jininsa ya kai wajen 300 bisa 190 a ranar. A zamaninsa babu magani na kirki, kuma likitoci da yawa suna ganin hawan jini wani abu ne da jikin tsoho ke buƙata. Yau mun san ba haka ba ne. Wani babban nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da ɗari, ya nuna cewa duk saukar 10 a lambar sama tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 27 cikin ɗari, gazawar zuciya da kusan kashi 28. Ribar ke nan da ka ajiye wata biyu da suka wuce.

Duk wanda aka tabbatar masa da hawan jini, akwai ɗan binciken da nake so a yi masa tun farko: gwajin fitsari don duba furotin da jini, kiriyatinin da fotasiyam a jini don sanin halin ƙoda, suga, kitsen jini, da awon bugun zuciya na takarda da ake kira ECG. Ba ka ambaci an yi maka na ƙoda ba. Idan ba a yi ba, ka nemi a yi kafin a sake rubuta maka magani. Sannan likita ya tambaye ka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, ko kana shan magungunan da ke ɗaga jini. Su ne magungunan ciwon jiki irin su dayikulofenak da ibufurofen, magungunan mura masu buɗe hanci, firednisolon da danginsa, da ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin istirojin ga mata.

To ga dayikulofenak. Ƙoda tana da wasu sinadarai da take sakewa don buɗe jijiyar da ke kawo mata jini. Dayikulofenak da ibufurofen da 'yan uwansu suna rage raɗaɗi ne ta hanyar toshe irin waɗannan sinadarai a duk jiki, har da na ƙoda. Sai jinin da ke shiga matatar ya ragu, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, ƙafa ma tana iya kumbura. Ga matashi mai lafiya da ya sha na kwana uku, yawanci babu komai. Ga mai shekara 54 da hawan jini, mai yiwuwa da suga, wanda ke sha wata da watanni, wannan hanya ce ta miƙe zuwa ciwon ƙoda da gyambon ciki mai zubar da jini. Haɗarin ya fi girma idan aka haɗa shi da maganin hawan jini irin losatan ko lisinofiril da kuma maganin ƙara fitsari, su ukun a tare suna iya tsayar da ƙoda cikin kwanaki, musamman in mutum ya yi gudawa ko amai. Abokinka ya yi gaskiya cewa akwai ƙwayar da ke barazana ga ƙodarka, sai dai ya nuna wadda ba ita ba. Ka dakatar da dayikulofenak. Ciwon baya na yau da kullum ya fi jin motsi, tafiya, ɗumama wurin, da maganin shafawa. Idan ciwon yana sauka ƙafa da rashin ƙarfi, ko fitsari yana kufce maka ko ya ƙi fita, ko kana ramewa da zazzaɓi, wannan wani bincike ne daban da ba ya jira.

Kumburin amlodifin kuwa ga yadda yake faruwa. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini gaɓoɓi, amma ba ya buɗe masu dawo da shi daidai da haka. Sai matsi ya ƙaru a tsakani, ruwa ya tsattsafo cikin nama, nauyi ya ja shi zuwa idon sawu. Shi ya sa yake fitowa da yamma bayan an wuni a tsaye ko a zaune, ya sace da safe, kuma ya fi yawa ga mai shan miligiram 10 fiye da mai shan 5. Idan mai irin kukanka ya zo, nakan sa ya cire takalmi da safa, in danna babban yatsana a kan ƙashin ƙwaurinsa in ƙirga zuwa goma, in ɗaga in ga ko rami ya zauna da zurfinsa. Sai in duba ko ƙafa biyun ne daidai, in kwantar da shi in kalli jijiyar wuyansa ko ta cika, in saurari ƙasan huhunsa, in tambaye shi filo nawa yake tadawa da dare da ko numfashi na tashinsa daga barci. Kumburin zuciya yana zuwa da haki. Na ƙoda yakan fara da fuska da safe, fitsari yana kumfa. Na hanta yana zuwa da cikar ciki. Idan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi, ana tsoron gudan jini a jijiya, wannan na ranar ne ba na gobe ba. Idan duk waɗannan babu, kuma kumburin ya tafi bayan ka daina amlodifin, to shi ne. Wani abin lura: ƙara maganin fitsari ba ya cika magance wannan kumburi, domin ruwa bai yi wa jiki yawa ba, wuri ya sauya. Abin da ke aiki shi ne a rage amlodifin zuwa 5 a haɗa shi da losatan ko ɗan uwansa, wanda ke buɗe ɗaya ɓangaren.

Wannan haɗin ma shi ne abin da zan so maka ko da ƙafa ba ta kumbura ba. A jagorar da ta fitar a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rukuni uku da ake farawa da su: irin su amlodifin, magungunan ƙara fitsari na rukunin tayazayid kamar indafamayid da wanda ake rubutawa HCTZ a kwali, sai rukunin lisinofiril da losatan. Ta kuma fi son a haɗa biyu, in da hali cikin ƙwaya ɗaya. Magani biyu a ƙaramin awo sun fi ɗaya a babban awo saukar da jini, illarsu kuma ta fi sauƙi. Ga baƙar fata, lisinofiril ko losatan shi kaɗai ba ya saukar da jini kamar yadda amlodifin ko tayazayid ke yi. Wani bincike mai suna CREOLE da aka buga a 2019, a kan marasa lafiya 728 a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi. Saboda haka ba na son ka rabu da amlodifin gaba ɗaya in ana iya gyara shi.

Kowane rukuni da halinsa. Lisinofiril yana sa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda maganin tari ba ya ji, sai an sauya zuwa losatan. Wani lokaci, ba kasafai ba, yana kumbura leɓe da harshe, wannan a daina nan take a tafi asibiti. Ba a haɗa lisinofiril da losatan tare. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ko ɗaya cikinsu. Bayan an fara su da mako ɗaya zuwa biyu a sake auna kiriyatinin da fotasiyam. Kiriyatinin yakan ɗan hau, kuma hawan da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba ana karɓarsa, alama ce cewa matsi ya ragu a matatar ƙoda. A nan ne mutane da yawa ke firgita su ce magani ya taɓa ƙoda, alhali wannan rukunin shi ne aka fi tabbatar da cewa yana jinkirta lalacewar ƙodar mai suga da ke zubar da furotin. Tayazayid yana iya rage fotasiyam da sodiyam, ya tayar da ciwon gaɓa ga mai yawan sinadarin yurik. Idan an haɗa uku a cikakken awo jini bai sauka ba, kuma an tabbatar ana shan su, sifironolakton ne ake ƙarawa na huɗu. Burin farko a sauka ƙasa da 140 bisa 90. Idan suga ya tabbata, ana neman ƙasa da 130 bisa 80 muddin jiki ya ɗauka ba jiri. Ana ganin likita duk wata har a kai, daga nan duk wata uku zuwa shida.

Batun cewa wanda ya fara ba ya rabuwa da shi, akwai gaskiya a ciki amma an juya ta. Maganin ba ya sa jiki ya saba da shi kamar kayan maye. Ciwon ne ba ya tafiya. Ƙwayar tana riƙe jini na kwana ɗaya ko fiye kaɗan, idan aka daina sai ya koma inda yake. Wannan 132 bisa 84 da ka gani aikin magani ne. Akwai waɗanda suka rage ƙiba sosai, suka rage gishiri, suka bar giya, har aka rage musu magani ko aka cire, amma likita ne ya janye shi a hankali yana auna su. Ina tuna wani mutum, sa'anka ne, da na ɗora a kan magani jininsa ya daidaita sarai. Ya ɓace mini kusan shekara. Ranar da na sake ganinsa a kan gadon da ake tura marasa lafiya aka shigo da shi, bakinsa ya karkace, hannun damansa a sake, matarsa riƙe da kwalin maganin da na rubuta masa, ƙwayoyin na nan cikin ledarsu ba a ɓalle ko rabi ba. Yana kallona yana so ya yi magana, kalma ta ƙi fita. Ya rayu, amma bai koma aikinsa ba. Na daɗe ina tambayar kaina ko na yi masa bayani yadda ya kamata a zuwansa na ƙarshe, shi ya sa nake tsawaita maka.

Yanzu suga. Ana tabbatar da shi ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: suga 126 ko sama bayan awa takwas ba a ci komai ba, ko 200 ko sama awa biyu bayan an sha gram 75 na gulukos a ɗakin gwaji, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na 'yan watanni, ya kai 6.5, ko 200 a kowane lokaci ga mai alamomi, wato yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Wanda ba shi da alamomi, kamar kai, gwaji ɗaya bai isa ba, sai an maimaita. Naka 134 ya haura iyaka da kaɗan. Ka sake shi a ɗakin gwaji da jinin jijiya, ba na tsinin yatsa ba, kuma a haɗa da HbA1c. Idan na biyun ya faɗo tsakanin 100 da 125, kana bakin gaɓa, ba ka faɗa ba tukuna. Ka lura da ma'aunin da aka rubuta: wasu ɗakunan gwaji suna ba da sakamako da mg/dL, wasu da mmol/L. Ana raba na farko da 18 a samu na biyu, wato 126 daidai yake da 7.0, naka kuma wajen 7.4. Na sha ganin wanda ya ga 7.4 a takarda ya ɗauka sugansa ya faɗi ƙasa warwas.

HbA1c yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke rayuwa kimanin kwana 120, don haka yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Gwaji ne mai kyau, amma yana ruɗarwa ga mai sikila, mai ƙarancin jini, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, mai ciki, da mai ciwon ƙoda da ya yi nisa. Ga waɗannan, sugan safe da gwajin gulukos aka fi dogara da su.

Idan ya tabbata, kada ka karaya, domin a matakin da kake ana iya yin abu mai yawa. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa masu bakin gaɓa da suka rage nauyi kaɗan suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, masu shan metfomin kuma da kashi 31. Wani a Birtaniya mai suna DiRECT, a 2017, ya nuna kusan rabin masu suga na 'yan shekaru da aka sa a tsarin rage nauyi mai tsanani sun koma daidai ba magani bayan shekara guda, kuma yawancin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye suna cikinsu. Idan kana da teɓa, nan ne wurin da ƙoƙarinka zai fi biya.

Maganin farko ga mafi yawan mutane metfomin ne. Ana farawa da miligiram 500 tare da abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako har zuwa wajen 2000 a rana in ana buƙata. Yana sa murɗawar ciki da gudawa a farko, yawanci su lafa, kuma wanda aka fara masa da babban awo rana ɗaya shi ne ke jefar da shi. Shi kaɗai ba ya cika faɗar da suga ƙasa da kima. Shi ma ana yi masa ƙazafin lalata ƙoda. Gaskiyar ita ce ƙoda ce ke fitar da shi, idan ta raunana sai ya taru, shi ya sa ake rage shi idan lambar eGFR, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, a takardar gwaji ta sauka ƙasa da 45, a daina a ƙasa da 30. Mai shan sa shekaru a riƙa duba masa bitamin B12. Wani maganin suga mai suna gilibenkilamayid yana da ƙarfi, amma ina tsoronsa ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, domin yana faɗar da suga na tsawon sa'o'i. Gilikilazayid ya fi shi sauƙin hali. Alamar faɗuwar suga ita ce rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, saurin bugun zuciya da ruɗewa, lamba ƙasa da 70. A sha babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a kai shi. Akwai sabon rukuni, su emfagilifulozin da dafagilifulozin, masu fitar da suga ta fitsari, waɗanda tun 2015 bincike ya yi ta nuna suna kare zuciya da ƙoda. Suna iya kawo ƙaiƙayin gaba, kuma ana ajiye su ranar da mutum ke amai ko ya kasa cin abinci. Insulin kuwa magani ne kamar sauran, wani ma na ɗan lokaci ake ba shi. Ga yawancin manya ana neman HbA1c ƙasa da 7, sugan safe tsakanin 80 da 130, ana sassautawa ga tsofaffi.

Mai suga yana da dubawa uku duk shekara ko da lambobinsa sun yi kyau: bayan ido wurin likitan ido, furotin da ake kira albumin a fitsari, da ƙafa. A fitsari, 30 ko sama a ma'aunin albumin da kiriyatinin ita ce alamar farko cewa ƙoda ta fara jin jiki, tun kafin gwajin jini ya nuna komai. Ƙafa kuwa muna da wani siririn zare na roba da muke dannawa a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, mutum idonsa a rufe, ya ce mana ko ya ji. Na taɓa cire wa wani takalmi na tarar da ƙaramar ƙusa ta huda tafin takalmin, ta yi masa rami a ƙasan babban yatsa, safa ta jiƙe, shi kuwa da ƙafarsa ya tako bai san da ita ba. Daga irin wannan gyambon ake kaiwa ga yanke ƙafa. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi. Idan suga ya tabbata, a shekarunka za a so ka sha maganin rage kitsen jini irin atobastatin, wanda ake ba masu suga daga shekara 40 zuwa 75. Asfirin kuwa kada ka fara da kanka, ga wanda bai taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, zubar jinin da yake jawowa kan cinye amfaninsa.

Gishiri kada ya wuce gram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani, kayan leda da sinadaran ɗanɗano. Lemon kwalba a bar shi. Tafiya da sauri rabin sa'a, kwana biyar a mako. Idan kana shan taba, barinta ya fi duk wata ƙwaya da zan rubuta maka.

Akwai alamomin da ba a jira da su zuwa safiya: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harshe ya karye, ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, haki a zaune, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko gani ya dushe. Shanyewar jiki da toshewar jijiya ta kawo tana da allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, bayan hoton ƙwaƙwalwa, don haka a lura da lokacin da abin ya fara. Idan na'urarka ta nuna 180 bisa 120 ba ka jin komai, ka zauna ka huta ka sake aunawa, in ya tsaya a nan ka ga likita a ranar. Kada ka haɗiye ƙwayoyi biyu uku don ka faɗar da shi da sauri, kada kuma a sa maka maganin hawan jini mai suna nifedifin a ƙarƙashin harshe, saukar gaggawa tana iya hana ƙwaƙwalwa jini.

Ranar da za ka koma, ka tafi ba ka karya ba don a ɗebi jinin suga tun da safe. Ka nemi kiriyatinin, fotasiyam, HbA1c, kitsen jini da albumin na fitsari. Ka faɗa wa likitan kai tsaye cewa ka daina amlodifin wata biyu saboda kumburi, kuma kana shan dayikulofenak, ka gaya masa tun yaushe da guda nawa a rana. Idan sakamakon ya fito, ka turo mini lambobin tare da awon gida na kwana bakwai, mu duba su tare.